Masu cire kafet a matakalar bene, a daina gaggawa

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu gidajen bene a nan Gombe, da 'yan uwana kafintoci.

Yanzu ana yayin yaye kafet daga matakala a sa katako, kuma ban ga laifin kowa ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga kafet ɗin da ya sha hunturu shekara da shekaru ya san irin ƙurar da ke danƙare a lungun kowane taki. Abin da ke damuna shi ne maigida ya ce yau a cire, gobe a buga katako, wai biki ya matso. Ranka ya daɗe, ba a haka.

Daga sama ake farawa a gangaro. A yayyanka kafet ɗin da wuƙa taki bibbiyu, a kama gefe da filaya a ja, takunkumi a hanci, tagogi a buɗe. Wannan ba wuya. Wahalar tana wurin gam. Matakalarmu yawanci ta siminti ce, manna kafet aka yi, to idan ka ja sai soson bayansa ya zauna a jikin simintin. Dole a durƙusa a kankare shi tas. Na ga yaran da ke kwara fetur don gam ya saki da wuri, a cikin gida, ga kicin kusa ana girki da gas. Wallahi a bari.

Bayan an share sai awo, kowane taki daban. Allah ya ba birkilolinmu haƙuri, amma da wuya ka sami taki biyu da suka zo daidai, kafet ne ke rufa musu asiri. Katako kuwa in ya hau kan rami, kuka zai riƙa yi duk wanda ya taka. A cike ramukan da siminti, a bar shi ya bushe ƙamas. Sannan a tuna, katako mai kaurin inci 1 yana ƙara wa takin farko na ƙasa tsayi, ya rage wa na ƙarshe na sama. In ba a gyara ba, nan dattijo mai saukowa sallar asuba zai yi tuntuɓe.

Katakon ma a duba. Madaci ko loko na da kyau, amma in ɗanye aka ɗauko daga kasuwa da damina, sanyi na kaɗawa zai motse ya tsattsage. A jera shi cikin gidan ya yi makonni tukuna, a shafa masa maganin gara ta ƙasa. Man ƙyalli mai santsi kuma a guje shi, ƙafar da ta fito daga alwala ba ta jituwa da shi.

Naku,
Wani kafinta daga Pantami, Gombe