Awon gudun jini a ƙwaƙwalwa: a kai na'urar inda yaran sikila suke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari na lafiya da ya shigo gidanmu sau biyu a cikin 'yan shekarun nan, wato awon yadda jini ke gudana a cikin ƙwaƙwalwa, da kuma abin da binciken likitoci ya gano game da amfanin tiyatar da ake yi domin gyara wannan gudu. Ni malamin makaranta ne, larura ce ta sa na zauna na yi karatu a kan batun, na kuma yi ta bin masana da tambaya, kuma abin da na fahimta ya yi mini nauyin da ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba.

Karo na farko a kan yayana ne. Wata safiya ya tashi bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa, maganarsa kuma ta sarƙe. Hoton da aka ɗauka ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe gaba ɗaya. Ba a yi mako biyu ba wani dillalin asibitocin ƙasar waje ya samu labarinmu, ya zo har zaure ya buɗe wayarsa yana nuna mana hotuna biyu na kan wani majinyaci, na kafin tiyata da na bayanta, na farkon da duhu a gefe ɗaya, na biyun kuwa ya cika da launi mai haske. Ya ce mu duba da idonmu yadda jini ya dawo, ai gani ya kori ji. A daren nan aka fara maganar sayar da gonar gado. Allah Ya taimake mu da wani likitan ƙwaƙwalwa na gida, wanda ya zaunar da mu ya ce, “Hoton gaskiya ne, jinin yana dawowa. Amma ku tambaye shi, cikin mutum ɗari da aka yi wa aikin, nawa ne suka tsira daga sake shanyewar jiki, kuma nawa ne cikin ɗarin da ba a yi wa ba.” Dillalin bai da amsa, kuma bai sake zuwa ba.

Amsar tana nan a rubuce tun da daɗewa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikin babba ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin ɗari na jinin da zuciya ke turawa, tana kuma cinye kusan kashi ɗaya bisa biyar na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, ba ta kuma da rumbun ajiya, shi ya sa yankewar jini na 'yan mintoci ke kashe wani sashe nata. Saboda haka da likitan tiyata Gazi Yasargil ya yi nasarar ɗauko jijiyar da ke ƙarƙashin fatar gefen kai ya ɗinka ta da jijiyar ƙwaƙwalwa a birnin Zurik a 1967, duniya ta ɗauka an samu mafita, domin hankali ya yarda cewa idan hanya ta toshe sai a buɗe wata. An yi ta yin aikin shekara da shekaru kafin a gwada shi yadda ya kamata. Da aka gwada, a wani bincike na ƙasashe da dama da ya haɗa majinyata 1,377, wanda aka buga sakamakonsa a 1985, sai aka ga waɗanda aka yi wa tiyatar ba su fi waɗanda aka bari a kan magani tsira daga shanyewar jiki ba.

Masu goyon bayan aikin sun ce laifin na zaɓen majinyata ne, domin ba a auna gudun jinin kowa ba kafin a sa shi cikin binciken, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Don haka aka sake wani binciken a Amurka da Kanada, aka yi amfani da na'urar hoto mai tsada da ake kira PET aka tace mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke cikin ƙishin jini na gaske, aka samu 195, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon ya fito a 2011. Ɗinkin ya yi kyau, sabuwar hanyar ta buɗe a kusan kowa, awo kuma ya nuna jini ya ƙaru kamar yadda dillalin nan ya nuna mana a waya. Duk da haka, bayan shekara biyu, kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun sake samun shanyewar jiki, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 23 ne, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Dalilin shi ne kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin sun gamu da shanyewar a cikin kwana talatin na farko, wato aikin da kansa ya cinye ribar da aka sa ran zai kawo. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin da majinyata 324, aka buga a 2023, shi ma bai nuna fifikon tiyatar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe tiyata ne. Akwai inda bincike ya tsaya mata tsayin daka. Idan jijiyar wuya ta ƙuntata ƙwarai amma ba ta toshe gaba ɗaya ba, kuma mutum ya riga ya ga alamun cutar, babban binciken Arewacin Amurka na 1991 ya nuna cewa buɗe jijiyar a kankare kitsen da ya taru a cikinta ya rage sake shanyewar jiki a shekara biyu daga kashi 26 zuwa kashi 9 cikin ɗari. A irin wannan aikin ma akwai wani awo da ya burge ni saboda sauƙinsa: wasu likitocin sukan kashe ciwon wuyan kawai su bar majinyaci a farke, su ba shi wani abu ya riƙa matsawa da hannu suna yi masa magana yayin da suka matse jijiyar, da zarar hannun ya saki ko magana ta sarƙe sun san jini ya gaza, sai su sa bututun wucin gadi. Haka kuma a cutar da Japanawa suka sa wa suna moyamoya, wadda manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa ke tsukewa sai wasu ƙanana masu rauni su fito kamar hayaƙi a hoto, binciken da aka buga a Japan a 2014 ya nuna cewa ɗinka sabuwar hanya ya rage sake zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ga manyan da hakan ta taɓa faruwa da su. Abin da na koya shi ne awo da tiyata kowannensu sai an bi majinyata shekaru an ƙirga wanda ya tashi da ƙafarsa kafin a san darajarsa. Yayana yana nan da rai, yana shan maganin hawan jini da na rage kitse da na hana jini daskarewa, yana zuwa gashin jiki, yana kuma takawa masallaci da sanda. Gonar ma tana nan.

Karo na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a kan 'yar ƙanwata ce mai ciwon sikila, tana da shekara shida a lokacin. Ni na raka su asibiti ranar da aka yi mata awon gudun jini da na'urar da likitoci ke kira TCD, wadda wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Rune Aaslid ya gabatar a 1982. Babu allura, babu yanka, babu maganin barci. An kwantar da ita, aka shafa mata wani mai sanyi a gefen kai tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ya fi sirantaka, aka ɗora wani ɗan abu kamar kan tocila, sai ɗakin ya cika da ƙara mai tashi da sauka daidai da bugun zuciyarta. Ta zaro ido ta ce, “Kawu, iska ce a cikin kaina?” Mai awon ta yi murmushi ta ce jininta ne ke tafiya. Lambar da ta fito ta haura 200, kuma na ga yadda fuskar ma'aikaciyar ta sauya kafin ta ce a kira likita.

Ma'anar lambar ita ce, idan jijiya ta fara ƙuntata jini yakan ƙara gudu a wurin, kamar ruwan tiyo idan an danne bakinsa da yatsa. Gudun da bai kai santimita 170 a daƙiƙa ba ana ɗaukarsa lafiya, daga 200 zuwa sama kuwa alama ce ta cewa yaron yana bakin haɗari ko da yana wasa yana dariya. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila mai tsanani yakan samu shanyewar jiki kafin ya kai shekara ashirin idan ba a yi rigakafi ba. A 1998 Dakta Robert Adams da abokan aikinsa a Amurka suka buga binciken da suka yi da yara 130 masu irin wannan lamba: cikin waɗanda aka riƙa yi wa ƙarin jini a kai a kai, ɗaya ne kawai ya samu shanyewar, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa goma sha ɗaya ne, har sai da aka tsayar da binciken kafin lokacinsa domin ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran yaran magani. Ga awo nan wanda aiki da shi ya sauya makomar majinyaci da gaske.

Sai dai ƙarin jini kowane wata, shekara da shekaru, ba abu ne da yawancin gidajenmu za su iya ba, ga tsada, ga ƙarancin jini mai tsafta, ga sinadarin ƙarfe na cikin jinin da ke taruwa a jiki wanda shi ma sai an sha magani a fitar. A nan ne likitocinmu suka yi abin da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani ya kuma yi alfahari da shi. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, an gudanar da bincike a kan yara 220 masu lamba mai haɗari, aka ba su maganin sha da ake kira haidroksiyuriya, rabi a kan ƙaramin ma'auni na miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, rabi a kan miligiram 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna yara uku ne suka samu shanyewar jiki a rukuni na farko, biyar a na biyu, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka gani a yaran da ba a yi wa komai ba a binciken Amurka, kuma masu shan ma'aunin 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Wannan magani ne aka ɗora 'yar ƙanwata a kai, yanzu tana aji biyar na firamare, tana rubutu da hannunta na dama.

Abin da ke ci mini rai shi ne sa'a ce ta kai mu ɗakin awon, domin wata maƙwabciya ce ta ba ƙanwata labari a wurin suna. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa kowane yaro mai sikila mai tsanani wannan awo sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Uwar da ke ƙauye mai nisan tafiyar yini daga babban asibiti ba ta taɓa jin sunan awon ba, sai ranar da ɗanta ya faɗi hannunsa ya saki, a ce iska ce ta buge shi, a yi ta turare da rubutu har lokacin taimako ya wuce. Wasu daga cikin irin waɗannan yara ne jijiyoyinsu ke rikiɗewa su koma irin na moyamoya, su wayi gari suna buƙatar tiyatar da likitocinta ƙalilan ne a ƙasar nan, alhali da an ɗora musu ɗan abin nan a gefen kai shekara biyu kafin haka da wataƙila ba a kai can ba.

Don haka ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da kwamishinonin lafiya da su sa wannan na'ura a manyan asibitocin shiyya, ko a riƙa zagayawa da ita a ranakun asibitin sikila tunda ba ta da nauyi, a horar da ma'aikatan jinya yin awon a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, a kuma tabbatar maganin yana nan kyauta ko da rahusa ga duk yaron da lambarsa ta haura, domin awo ba tare da magani ba tayar da hankalin iyaye ne kawai. Ina kuma roƙon likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da na jijiyoyin jini a asibitocin koyarwarmu da su riƙa ajiye cikakken lissafin majinyatan da suka yi wa aiki, wanda ya rasu da wanda ya samu shanyewa a kwana talatin na farko da halin da sauran ke ciki bayan shekara ɗaya da biyu, su kuma buga shi, domin iyalin da aka ce su sa hannu a takardar yarda su samu lambar da za su tambaya. Ita kuma wannan jarida, ina roƙon ta aika wakilinta asibitocin sikila na Kano da Kaduna da Katsina ya samo ranakun da ake yin awon da abin da ake biya, a buga da Hausa a shafin lafiya, yadda za a iya karanta wa iyaye a gidajen rediyo da wuraren taro.

Wassalam.

Daga wani malamin makaranta,
Kano.