Wasiƙa Daga Zanzibar

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Ingila? Na san yanzu kun shiga watannin da mutum ke idar da la'asar ya ji an kira magariba. Allah ya ba ku juriya.

Kada ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa maimakon saƙon murya. Yau kwanana shida a Zanzibar. Taron bita ne ya kawo mu, an tashi shekaranjiya, na ƙara kwana uku da kuɗin aljihuna don in ga gari. Daga Darussalam jirgin ruwa muka hau, tafiyar kamar awa biyu, amma abin da cikina ya gani a awa biyun nan, bar shi kawai. Bakano da teku sai dai gaisuwa daga nesa.

Tsibirin yana da kyau, ba ƙarya. Yashi fari kamar garin rogo, ruwa kuma shuɗi har kana hango ƙasansa. Turawa sun cika bakin ruwan Nungwi da Paje, sun shanya jiki a rana kamar kilishi. Ni dai tsohon gari ne ya kama ni, wanda suke kira Mji Mkongwe. Lungunansa sun fi na Kurmi ƙunci, ƙofofin katako ne masu sassaƙa, kuma kusan kowane gida da dakalinsa a ƙofa. Baraza suke ce masa. Dattawa na zaune a kai suna kurɓar gahawa suna warware siyasar duniya, sak majalisarmu ta ƙofar gida. Har yarensu kan ba ni dariya: su ce habari, mu ce labari, su ce wakati, mu ce lokaci. Duk daga tukunyar Larabci muka ɗebo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Yaron da ke zagayawa da mu ya tsaya a gaban wani gida yana ta bayani da alfahari, wai gidan tarihin Freddie Mercury ne, mawaƙin nan da aka haifa a tsibirin a 1946. Baƙi suka yi layi suna ɗaukar hoto. Na ce masa, to ina unguwar su Abdulrazak Gurnah? Ya san sunan, ya san marubucin ya ci kyautar Nobel ta adabi, amma ya ce ni ne baƙo na farko da ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Ka tuna ranar da aka sanar, a Oktoban 2021? Kai ka kira ni kana cewa tsohon malamin Jami'ar Bayero ya ci Nobel, sai ka ce ɗan unguwarmu ne. Da gaskiyarka, ya koyar a Kano a farkon shekarun 1980, tun muna firamare. Amma sai da na taka garin nan na gane abin da ke cin mutumin. An haife shi a nan a 1948. A Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kifar da Sarkin Zanzibar, aka kashe mutane da yawa, musamman masu jinin Larabawa, dukiyoyi suka salwanta. Bayan 'yan shekaru ya sulale ya tafi Ingila, ko shekara ashirin bai cika ba. Bai sake ganin gida ba sai 1984, gab da rasuwar mahaifinsa. A littattafansa ba ka cika ganin farin yashin da ake tallatawa ba. Abin da za ka tarar shi ne rigimar gado da bashi, gidan da aka ƙwace, yaron da aka jinginar saboda uba ya kasa biya, da dattijon da ya sauka filin jirgin Turai ba shi da komai sai ɗan akwatin turaren wuta. Ina tafe a lungu ƙamshin turaren ya buge ni daga wata taga, wallahi sai da na tsaya.

Tun kafin shi akwai wata da labarinta ya fi nasa ɗaci. Sayyida Salme, 'yar Sarki Sa'id bin Sultan, an haife ta a 1844. A zamaninta ana koya wa 'ya'ya mata na fada karatun Alƙur'ani, amma ban da rubutu. Sai ta samo ƙashin kafaɗar raƙumi ta mayar da shi allo, tana kwaikwayon haruffa a ɓoye har hannunta ya faɗa. A 1866 ta gudu saboda wani ɗan kasuwa Bajamushe, ta bar addininta, ta aure shi, ta koma Emily Ruete a birnin Hambug. Ba a je ko'ina ba, a 1870, mijin ya mutu a haɗarin taragon cikin gari, ya bar ta da yara uku a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Danginta kuwa sun riga sun shafe ta. A 1886 ta fitar da tarihin rayuwarta da Jamusanci, kuma har gobe duk mai son sanin yadda matan fadar Zanzibar suka rayu sai ya bi ta kansa. Ban ce ta kyauta ba, hisabinta yana wurin Allah. Amma jiya na je Mtoni, fadar da ta yi ƙuruciya a ciki, na tarar da kango, rufi ya tafi, sai bango da wuraren wanka. Abin da ya rage na rayuwar gidan nan yana cikin shafukan yarinyar da aka hana rubutu.

To kada ka ɗauka duk marubutan tsibirin 'yan gudun hijira ne masu rubutu da yaren Turawa. Akwai Muhammed Said Abdulla, wanda ake ɗauka uban labaran binciken laifi na Suwahili; jaruminsa Bwana Msa da lofensa a baki ya shahara tun 1960. Akwai Shafi Adam Shafi, wanda ya rubuta Kuli a kan yajin aikin 'yan dakon tashar jirgin ruwa na 1948. Akwai kuma Haji Gora Haji, mutumin ɗan tsibirin Tumbatu, wanda ya yi aikin ƙarfi a bakin ruwa yana tsara waƙa da karin harshen ƙauyensu har ya rasu a 2021. Waɗannan su mutanen gari suka sani, wasu ma a makaranta aka karanta musu. Baƙo kuwa bai san da zamansu ba. Shi kuma Gurnah da duniya ta sani, sai bayan Nobel aka fassara littafinsa Paradise zuwa Suwahili, da sunan Peponi. Ka ga abin: na gida bai fita ba, na waje bai shigo ba. Ina zaune a dakali ina wannan tunani sai na ji kunya, don mu ma haka muke yi wa namu.

Yanzu bari in zo kanka, don ka san ba banza na yi wannan doguwar shimfiɗa ba. Ina labarin nan na Fagge da ka fara tun muna hidimar ƙasa? Babi huɗu ka ba ni, har yau suna cikin durowata, takardun sun yi ja. Duk lokacin da na tambaya sai ka ce ka yi nisa da gida, ka manta yadda ake magana a tasha, wai sai ka dawo. Malam, wannan uzurin ya mutu. Gurnah kewar gida ce ta sa shi fara rubutu a ƙasar da kake zaune yanzu, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma littafinsa na farko bai fito ba sai 1987, yana gab da arba'in. Ni da nake kwana nake tashi a Kano ban ƙara jin ƙarar garin ba, kunnena ya saba. Kai ne kake kira kana tambayata ko mai shayin bakin masallaci yana nan, ko an sare darbejiyar ƙofar gidanku. Yana nan, ita ma tana nan. Ban ce ka ci Nobel ba, babi na biyar kawai nake nema, kuma da Hausa, don in karanta wa Hajiya.

Na saya maka kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani, zan ba ƙaninka in na koma, ya haɗa da kayan da za a aiko maka. Gobe da safe zan koma Darussalam, kuma a jirgin ruwan nan dai, don kuɗin na sama ya fi ƙarfina. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Amininka