Zuwa ga ɗana mai zane

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya. Jikin mahaifiyarka da sauƙi, ƙafar ce dai take tashi idan an yi sanyi. Kuɗin da ka aiko sun iso, amma ban taɓa ko sisi ba tukuna, kuma dalilin wannan takarda ke nan.

Kawunka ya dawo daga Kaduna da labarin da ya hana ni sakat. Wai yanzu aikinka shi ne fastocin 'yan siyasa. Duk wanda ya biya sai ka gyara masa fuska, ka share tamoji, ka kewaye shi da marayu suna murmushi, alhali bai taɓa taka unguwarsu ba. Har ya ce karatun ma ka jingine shi.

Na san amsarka. Za ka kawo mini Ba'amurken nan mai zane Norman Rockwell, ka ce shi ma ya bar makaranta ya yi zane don kuɗi, kamar ranar da muka yi ta sa-in-sa a zaure. To, littafin zane-zanensa da ka bari a ɗakinka na karance shi bango zuwa bango, da tabarau, bayan sallar isha'i. Gaskiya ne ya bar sakandare yana matashi, amma makarantun koyon zane ya nufa a New York, bai zauna zaman kashe wando ba. Gaskiya ne kuma da kuɗin mujalla ya ci abinci. A 1916, yana da shekara 22, zanensa ya fara hawa bangon mujallar Saturday Evening Post, ya yi musu shekara 47, ya zana bango fiye da 320. Neman halak ba laifi ba ne, ni ma albashi ne ya raine ku.

Sai dai ka duba abin da ya biya. A lokacin mujallar tana da ƙa'ida: baƙar fata ba ya fitowa sai a matsayin mai hidima. Rockwell ya bi. Shekara da shekaru yana zana Amurka mai fara'a, iyali sun kewaye talotalo a kan tebur, yara a shagon aski, alhali a kudancin ƙasar an hana baƙar fata shan ruwa a famfo ɗaya da Bature. Sai da ya rabu da su a 1963 sannan hannunsa ya saku. A Janairun 1964 mujallar Look ta buga zanen Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6 da jami'an gwamnatin tarayya suka raka makarantar fararen fata a New Orleans a 1960. Na daɗe ina kallon shafin nan. Farar riga tas, littafi da rula a hannu, ƙarti huɗu da ba a nuna kawunansu ba, zagi rubuce a jikin bango, ga tumatir da aka jefa ya fashe yana tsiyaya. Tana tafiya kanta a miƙe, sai ka ce ƙanwarka ranar da na fara kai ta firamare.

Shekararsa 69 lokacin da ya zana wannan. Sittin da tara! Wannan lambar ce take hana ni barci. Shi Allah ya ja kwanansa har 1978, ya samu ya rage bashin. Kai wa ya yi maka alkawarin za ka kai? Hannu yana sabo, ɗana. Idan ka yi shekara goma kana yi wa azzalumi kwalliya, ranar da ka so zana gaskiya hannun ba zai ba ka haɗin kai ba. Kuma kada ka ce mini na ɗan lokaci ne. Tun kana ƙarami haka kake cewa a kan komai. Ashe don wannan muka sayar da gonar fadama? Don ka zama maroƙi mai fenti?

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Na san har yau kana riƙe da ranar da na yayyaga littafin zanenka kana aji biyar. Ka ɗauka ƙiyayya ce. Tsoro ne, ina gudun ka tashi ba sana'a, kuma a lokacin iya abin da na sani ke nan. Yanzu na yarda Allah ya ba ka baiwa. Zanen kakarka tana kaɗi yana nan rataye a ɗakina, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a gabansa.

Ka koma karatunka. Idan kuɗin haya ne ya tura ka, faɗa mini, fansho ya shigo. Kuɗinka suna nan a ambulan yadda suka zo, sai ka zo hutun Sallah mu yi magana a kansu. In za ka zo, ka taho mini da zane ɗaya wanda ba wanda ya biya ka ka yi shi. Mahaifiyarka ta ba direba dambun nama da kuka ya kawo maka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka