Auta Na Ware Maka

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka maƙala a ƙarshe, wai wanne na ware maka cikin 'ya'yan karyarmu Duna. Ka ce babban kake so. To, bari in ba ka labarinsu tukuna.

Yau kwanansu 44 a duniya. Su biyar ne, maza uku mata biyu, ta kuma haife su ranar da cikin ya cika kwana 63 cif, kai ka ce lissafi take yi. Kusan sati biyun farko ido a rufe, kunne a toshe, ba su san komai ba sai tsotso da barci, suna ta zabura cikin barcin. Ko fitsari ba sa yi sai uwar ta lashe musu mara. Jikinsu bai iya riƙe ɗumi ba, shi ya sa kullum suke cure wuri ɗaya. Ni kuwa aikina ɗora su kan sikeli kowace safiya, don likitan dabbobi ya ce lafiyayyen kwikwiyo yakan ninka nauyinsa cikin kamar kwana 10. Huɗu suka ninka. Ƙaramar macen, wadda muke kira Auta, ita ta tsaya jan ƙafa, har sai da na riƙa cire babban daga nonon baya, inda ruwa ya fi yawa, ina dasa ta a wurin.

Ido ya fara buɗewa a kwana na 12, shuɗi-shuɗi. Sati na uku suka miƙe suna tafiya tangal-tangal, haƙora suka fara tsirowa, daga nan kowa ya fito da halinsa.

Babban naka, yara sun sa masa Sarkin Ci, kuma sunan ya bi shi. Idan aka ajiye kwano, ba ya tsayawa a baki, da ƙafafu huɗu yake shiga. Shi ne na farko da ya yi haushi, ya kuma tsorata da muryar kansa har ya faɗi zaune. Shekaranjiya murfin tukunya ya suɓuce mini ya buga ƙasa. Kafin in sunkuya, gwarzon naka ya shige ƙarƙashin uwarsa, bai fito ba sai da ya ji ƙanshin abinci. Auta ma ta razana, ta ja da baya, amma can sai ga ta tana takowa a hankali, ta shinshina murfin, ta ɗora masa ƙafa, sannan ta ɗago ta dubi fuskata. Wannan kallon ne ya saye ni. Sauran hannuna suke bi da ido, ita kaɗai ke neman fuska. Ita ce kuma ta gano cewa in ta tattara tsumman shimfiɗarsu a kusurwa za ta iya haure akwatin, sauran suka bi sahunta.

Na biyun maza ɗan rigima ne, kunnen kowa ya sha cizonsa. Da farko nakan raba su, daga baya na bari. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar masa wasan, sai ka ga ya tsaya sororo. Da haka suke koyon sassauta baki, kuma ba mutumin da zai koya musu wannan kamar junansu. Na ukun barci kawai yake, ɗayar macen kuma inuwar uwarta ce.

Ban ce halin sati shida shi ne halin girma ba, suna canzawa. Amma gidanka akwai ƙananan yara da hayaniya, kuma kwikwiyon da zai tsorata ya dawo ya duba ya fi mini wanda zai ɓuya. Don haka Auta na ware maka.

Sai dai kada ka zo ɗaukarta kafin ta cika sati takwas, ko da ka ji Duna ta fara gudunsu. Haƙora 28 masu tsini kamar allura, wace uwa ce za ta tsaya? Yayen bai ƙare ba tukuna. An ba su maganin tsutsar ciki a sati na biyu, na huɗu da na shida, jiya kuma aka yi musu allurar rigakafi ta farko. Saura maimaici, ta haukan kare kuma sai ta kai wata uku, waɗannan suna wuyanka. Zan ba ka katinta.

Ranar da za ka zo, ka taho da kwali mai ɗan zurfi, ka san ta iya haurawa. Ni zan goga wani tsumma a jikin Duna in sa mata a ciki, ko ta rage kukan daren farko.

Ka gaida mini mutanen gida da yara.

Naka,
Amininka