Kano zuwa Jidda: a gaya wa fasinja gaskiyar tsawon tafiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Jidda, shekarata goma sha ɗaya a nan. A watan jiya na kawo Hajiyarmu Umara daga Kano, kuma abin da ta sha a hanya ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin da ya miƙe kai tsaye yakan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar, ta saman Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru. Wannan ba laifin kowa ba ne cikin masu sayar da tikiti.

Laifinsu shi ne ɓoye wa tsofaffi gaskiya. An ce wa Hajiya "yanzu-yanzu za ki sauka", ashe tikitin na yada zango ne a wata ƙasa, ta yi awa tara zaune kan kujerar ƙarfe. Maganinta na hawan jini yana cikin akwatin da aka auna. Da ta fito, ƙafafunta sun kumbura, takalmanta a hannu take riƙe da su. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ina roƙon hukumar alhazai ta tilasta wa kowane ejan ya rubuta wa fasinja awannin tafiya da na jira, da Hausa, kafin ya karɓi kuɗi. A kuma faɗa musu agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Naku,
Mai karatu daga Jidda