Wasiƙa daga Tema

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdulillahi. Na ji saƙonku cewa Auta na son biyo ni bayan an cire amfanin gona. Baba, a saurare ni tukuna.

Tema na bakin teku, kilomita kamar 25 gabas da Akra, babban birnin Gana. Da ƙauyen masunta ne na ƙabilar Ga. Kwame Nkrumah ya tashe su, aka yi musu sabon matsuguni a gefe, aka haƙa tashar jiragen ruwa wadda aka buɗe a 1962. A takarda aka fara zana garin, shi ya sa unguwanninsa lamba ake kiransu da ita, Kwaminiti 1, Kwaminiti 2, haka nan. Matatar mai ta soma aiki a 1963. Aka datse kogin Volta a Akosombo, wutarsa ta ɗauki kamfanin VALCO mai narka alminiyam tun 1967. Tsofaffin da muke salla tare sun ce a zamanin, mutum ya sauko mota da safe, kafin la'asar ya samu aiki.

Wannan zamani ya wuce. VALCO ya sha tsayawa idan ruwan madatsar ya ja baya, yanzu ma ba da cikakken ƙarfinsa yake aiki ba. Matatar ma ta sha zama a kulle. Abin da ke ciyar da garin yau shi ne tashar jirgi: kwantenoni, koko mai fita, kifi, da tirelolin da ke lodi zuwa Burkina da Mali da Nijar. Sabon ɓangaren da aka buɗe a 2019 kuwa injuna ne ke ɗaga kaya, mai ƙarfin dantse kawai ba ya samun shiga. Raina na ɓaci in na ga samarinmu zaune a bakin get tun asuba, rana ta faɗi ba ko sidi ɗaya.

Mu talakawa ba a Tema muke kwana ba, haya ta fi ƙarfinmu. Ashaiman muke, tsallaken babban titin da ya tafi Akra. Zango ne sosai, Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, ba a rasa tuwo, kuma ba wanda zai bar baƙo ya kwana waje. Amma masauki daban, sana'a daban.

Don haka ina roƙonku, Baba, Auta ya zauna garejin Kawu ya iya gyaran babbar mota, ko ya samu lasin tuƙi. Da wannan a hannunsa, ni da kaina zan turo kuɗin mota. Na aika kuɗin taki ta hannun direban da kuka sani.

A gaida Inna, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku