Kafin a rushe sauran gidajen fatoma na Zariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi kira ga 'yan'uwana Zazzagawa, musamman waɗanda kakanninsu suka riƙe gidajen saukar baƙi a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni. Gidajen nan ƙarewa suke yi. Da maigida ya kwanta dama aka zo rabon gado, sai a sa gidan a kasuwa, a kawo katafila, kafin damina ta zagayo ka ga jerin shaguna a inda zaure yake. Ba ni da ja a kan rabon gado, haƙƙi ne da Allah ya yanka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardun da ake kwashewa tare da ɓaraguzai, da tsofaffin da ke tafiya ba wanda ya zauna ya tambaye su komai.

Ni jikan fatoma ne. Kakana ya zauna a Tudun Wada tun zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, wanda ya yi sarauta daga 1924 zuwa 1937, sana'arsa kuwa saukar fatake. Lokacin garin ya zama mahaɗa. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka ja ƙaramin layi zuwa ƙasar Jos saboda kuza, aka kuma ja wani ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Ga injin gurzar auduga da Turawa suka kafa. Mai goro daga kudu, mai kanwa daga Barno, mai turamen rini daga Kano, kowa sai ya kwana a nan, kuma ɗan kasuwa mai mutunci ba ya kwana a tasha. Gidan fatomansa yake nufa. Ba ya biyan kuɗin ɗaki, ba ya biyan na tuwo. Fatoma ne zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, shi kuma ya sami la'adarsa in ciniki ya faɗa. In mai saye ya gudu da kuɗi, wuyan fatoma ake kamawa. Shi ya sa dole suke rubutu.

Rubutun nan na gani da idona a wata adaka da ta daɗe a ƙarƙashin gadon gwaggona. Takardu ne na ajami, an ɗaure su da tsumman saƙi, gara ta ci gefen wasu, tawadar ta koma ja. A layi ɗaya an rubuta cewa wani mutumin Bichi ya ajiye huhu biyu, ya karɓi fam uku da sule goma, saura sai ya dawo bayan Sallah. A ƙasa, da wani hannu dabam, an ƙara cewa ya rasu a hanya, an kai wa ɗansa cikon kuɗin. Na kai wa wani malamin zaure ya taya ni karantawa, don hannun mutanen da yana da wuyar sha'ani, muka bi sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Bichi, Kura, Funtuwa, Gusau, Bidda, Ilori. A nan na fahimci dalilin da ya sa har yau wasu mutanen Gusau ke zuwa mana ta'aziyya da biki, muna ce musu 'yan'uwa. Kakansu baƙon gidanmu ne shekara da shekaru, har aka ba shi auren ƙanwar kakana.

Amma takarda rabin labari ce. Sauran rabin yana bakin mata, kuma su ne aka fi mantawa. Gwaggo ta haura tamanin, amma da na ce, "Gwaggo, wa ke ciyar da baƙin nan duka?" sai ta gyara zama. Ta ce tun kafin kiran assalatu ake fara daka, turmi uku a jere, a tuƙa tuwo a babbar tukunyar da sai mace biyu ke sauke ta, yara su yi ta jigilar akussa zuwa zaure. Ta san wanda ba ya cin kuka, ta san wanda ke kawo wa matan gida tsarabar tozali da ɗankunne, ta san shekarar da aka ƙara ɗakuna biyu a shigifa. Ba ta ƙirga shekara da lamba. Cewa take zamanin Ja'afaru, ko farkon sarautar Aminu, ni kuma in koma in lissafa: Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, Aminu daga 1959 zuwa 1975. Wanda duk zai yi irin wannan bincike ya haddace jerin sarakuna, da shi zai daidaita maganar tsofaffi.

Na san abin da ke sa wasu gidaje noƙewa. Tonon asali yakan fito da abin da ba a so, a tarar wani reshen dangi bara ne ya zauna aka aurar masa da 'ya, ko kuma kakan da ake cewa haifaffen birni ne ashe da jirgi ya zo. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Tudun Wada baƙi ne suka kafa ta, kuma mutumin da ya ciyar da matafiya shekara talatin bai ci amanar kowa ba ya bar wa jikokinsa abin alfahari.

Na leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai fayilolin Lardin Zazzau masu amfani ƙwarai. Sai dai abin da ya dami Bature shi ne haraji da ƙidaya da filaye. Sunan wanda ya kwana a zauren kakanka, a gidanku kaɗai za ka same shi.

Don haka ina roƙon magada: kafin a sa hannu a takardar ciniki, a buɗe adakoki da gafakoki, a ɗauki hoton kowace takarda da waya, a ɗauki hoton zauren ciki da waje, a naɗi muryar tsofaffi mata. Ina kuma roƙon malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatan Gidan Arewa na Kaduna su turo ɗalibai unguwannin nan su kwafi abin da ya rage, su bar wa masu shi asalinsa. Wanda kuma ya ji a gidansu, a Kano ko Gusau ko Bidda, cewa kakansa yakan sauka a Tudun Wadar Zariya da goro ko turame, ya rubuto ta hannun Edita, mu gwada sunayen da ke wajensa da na cikin takardunmu.

Wassalam.

Naka,
Wani jikan fatoma,
Tudun Wada, Zariya.